Hajiya Shatu Ta Ƙulla Biki da Kamfani

Duk faɗin Ammariyya, in ka ce Hajiya Shatu mai masa, ba wanda zai tambaye ka wace ce. A nan aka haife ta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Katsina da niyyar hajji, suka sauke farali, suka ga wuri suka yi zamansu a Jidda. Larabci a bakinta kamar ruwa, amma in aka taɓa ta da Hausa take faɗa, Hausar tsofaffi, wadda ko a can Katsinan yanzu sai an tona.

Abu biyu aka san ta da su, masa da biki. Ba bikin kiɗa da rawa nake nufi ba, bikin mata nake faɗa, wanda 'yan matan yanzu ba su sani ba. Kina da ƙawa, za ta aurar da 'ya ko an yi mata haihuwa, sai ki kai mata abin da ya sawwaƙa. Ran da hidima ta zo gidanki, ita kuma ta kawo miki ninkin abin da kika kai. Tata ta sake zagayowa, ke ma ki ninka. Haka za a yi ta yi har abin ya yi nauyi, sai a sassauta a koma ƙasa a faro. Wadda ta karɓa ta ƙi ramawa an ce ta cinye biki, kuma wannan tabon ko sabulu ba ya fid da shi. Hajiya Shatu kuwa tun tana amarya har ta yi furfura ba a taɓa cewa ta cinye bikin kowa ba, kuma ba ta gajiya da gaya wa mutane haka, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba.

Sai dai ƙawayen bikin sun ƙare mata. Wasu sun koma Makka wajen 'ya'yansu, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Ta ƙarshe, Naja'atu, bara waccan aka kai ta makwancinta. Yaran yanzu kuwa in ana hidima sai su latsa waya su ce sun tura, ba sallama, ba zama, ba guɗa. Tun rasuwar Naja'atu ba wadda ta ƙwanƙwasa ƙofar Hajiya da ƙunshi a hannu ta ce ga bikinki. Abin yana damunta ƙwarai, ko da yake in ka kuskura ka ce mata yana damunta sai ta wanke ka tas.

Gurinta a duniya ɗaya ya rage. Mijinta, marigayi Malam Jaji, hammali ne a tashar jiragen ruwa, wato ɗan dako, ya ƙare ƙarfinsa da buhu a kafaɗa. Kullum in ya dawo maƙogwaro a bushe sai ya ce, "Shatu, in Allah Ya hore mini sai na kafa sabil a hanyar shiga tasha." Sabil injin ruwan sanyi ne da ake girkewa a bakin hanya, kowa ya sha kyauta, ladan ya tafi ga wanda aka yi dominsa. A wannan hanyar direbobin manyan motoci ke jerin gwano suna jiran a buɗe musu ƙofa, rana tana gasa su. Allah bai hore wa Jaji ba har ya koma. Hajiya ta ɗauki alkawarin ta aza wa kanta, ribar masa ta riƙa shiga wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Akwai wata jam'iyya, wato ƙungiyar agaji, mai izinin hukuma da ke girka irin wannan sabil ta kuma kula da shi, ta gaya mata abin da za a kashe. Ta yi ta tari, da ƙyar ta kai rabi, kuma duk sanda ta matsa gaba sai farashi ya yi tsalle ya bar ta. Ga gwiwoyi sun fara ƙin tashi daga gaban tanda. Tsoronta shi ne kada a kira ta ba ta ga ruwan nan ya zuba ba, ta je ta tarar da Jaji hannu rabbana.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar jikarta Luba ta faɗo gida ko abaya ba ta tsaya cirewa ba. Luba ita ke zaune tare da Hajiya, tana aiki a ofishin wani kamfanin sauke kaya da ke kusa da tasha. Hausa tana jinta sarai, amma wajen mayarwa sai ta riƙa tuntuɓe tana kama Larabci don kada ta faɗi.

"Ya Sitti! Albishirinki!"

"Goro. Amma in aure za ki ce mini, sai na ga mijin da idona, don ban yarda da zaɓenki ba."

"Ba aure ba, wallah! Sabil ɗin Jaddi ne, kakana. Halas, shi ke nan, ya tashi!"

Hajiya ta ajiye ludayin ƙullun da ke hannunta. Luba ta durƙusa gabanta ta shiga bayani. Kamfaninsu ya fito da wani tsari. Duk ma'aikacin da ya ba da sadaka ga jam'iyya mai izini, shi ko mutanen gidansa, kamfani zai ba jam'iyyar daidai abin da ya bayar. Ka ba da ɗaya ya zama biyu. Rabin da ke cikin gwangwani in ya bi ta hannun Luba ya cika ke nan. Amma ƙarshen wata za a rufe.

"Haka kawai?" in ji Hajiya. "Me na haɗa da su?"

Luba ta yi ta laluben kalmar da za ta sa tsohuwar ta gane. Ta juya ta da Larabci, Hajiya ta yamutsa fuska. Can sai ta tuna abin da ta tashi tana ji a gidan nan, na wance ta kawo kaza an mayar mata da ninki, fuskarta ta washe ta tafa hannu.

"Yawwa! Kamar biki ne, ya Sitti. Ki bayar, su ninka. Biki!"

Wayyo, da ta sani da ta haɗiye kalmar nan. Hajiya Shatu ta miƙe zaune sosai kamar an tsikare ta.

"Biki? Ke Luba, biki kika je kika ƙullo mini da kamfani? Da izinin wa?"

"La, la, ba haka..."

"Ba haka ba me? Ai da bakinki kika faɗa. Su ninka mini yau, gobe tasu ta taso, ni in ninka musu da me? Da gwiwar nan? Kamfanin da ke da jiragen kaya a teku! So kike in mutu a ce Shatu ta cinye biki, kuma bikin ma na Larabawa, su riƙa nuna kabarina? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ban karɓa ba."

Luba ta rantse ta maya cewa ba a ramawa. Wannan ya ƙara hura wutar. Hajiya ta ce yau ga ja'irar yarinya, an haife ta jiya za ta koya mata biki. Ina aka taɓa ninki ba ramuwa? Ta ja gwangwaninta ta ƙara tura shi can ƙuryar gado da sandarta.

Kwanaki suka yi ta tafiya, wata yana ƙarewa, zafin Jidda yana shigowa da ƙarfinsa. Luba ta daina magana, sai dai ta riƙa ajiye mata kofin ruwan sanyi a gabanta ta tsaya tana kallonta, Hajiya kuwa ta gane sarai ta yi kamar ba ta gane ba. Maƙwabciyarta Lailatu, wadda ke taya ta suya, ita ba ta iya shiru. Tana juya masa tana zolaya.

"Hajiya, an ce kin yi babbar ƙawa kin ƙi ta. Mu da za a samo mana ko ƙaramin shago ne ai da mun ƙulla."

"Ki ƙulla mana. Ke ai ko bikin kaza ba ki taɓa ramawa a kan lokaci ba."

"Na ji. Amma dai Malam Jaji yana can yana jira, ke kina nan kina gadin suna."

Maganar nan ta shige ta. Rannan masa ta ƙone mata har sau nawa, abin da ba a saba gani ba.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta tari tasi, ta ce a kai ta hanyar shiga tasha. Ba ta sauka ba. Ta cikin gilashi ta ga motocin a jere har inda ido ya ƙare, kwalta tana tururi. Wani direba ya sauko ya fake a ɗan inuwar tayar motarsa, ya ɗaga gorar roba ya kafa kai, ba komai a ciki sai ɗigo. Ya girgiza ta, ya sake ɗagawa. Tsayinsa da ramarsa har da yadda yake goge wuya da gefen rawani, sak Jaji. Tausayi ya kama ta, kunya kuma ta rufe ta. Ta ce wa mai tasi ya juya.

Da Luba ta dawo ta tarar da ita ta fito da atamfarta ta ƙasan akwati tana shanyawa.

"Gobe za ki kai ni wajen mutanen nan. Ba a ƙulla biki da wanda ba a ga ƙwayar idonsa ba."

"Sitti, ofis ne fa, ba gida ba."

"Ofishin ba mutane ne a ciki ba? Yalla, goge mini mayafin nan."

Haka aka yi. Hajiya Shatu ta shiga kamfani da sandarta da ƙamshin turarenta, Luba na biye tana addu'ar ƙasa ta tsage. Wanda ya fara tarbarsu Abdulkahar ne, akantan kamfanin, mutumin Zariya da ya zo aikin kwantiragi, shi ke kula da tsarin sadakar. Yana jin tsohuwa ta yi sallama da Hausa ya zabura ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Ina kwana? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai na wane gari ne? Zariya? Madalla, ashe akwai mai hankali a gidan. To kai ni wajen mai gidan."

Manajan, wani Balarabe mai fara'a da ake kira Thamer, ya taso ya ba ta kujera, ya sa aka kawo gahawa da dabino, yana ta "marhaba ya khala", wato maraba da inna. Hajiya ta kurɓa, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, ta ga ba laifi. Sai ta gyara zama ta fara tambaya da Larabcinta tsantsa.

"Kamfanin nan naku yana aure?"

Thamer ya dubi Luba. Luba ta dubi silin.

"A'a, ya khala."

"Yana haihuwa?"

"Wallahi... a'a."

"To in ba ya aure ba ya haihuwa, ran yaushe zan rama?"

Abdulkahar ya yi gyaran murya ya sa baki da Hausa, a ganinsa zai kashe wutar. "Mama, ai ba a ramawa. Kyauta ce kawai. Kamfani ba ya son komai daga gare ki."

Tabɗi! Nan take Larabci ya gudu, Hausa ta zo.

"Ba ya son komai daga gare ni? Ni ce ba ni da abin bayarwa? Kai ɗan nan, dube ni da kyau, bara na zo yi? Da na ce kana da hankali ashe na yi gaggawa. Uwarka ba ta biki a Zariya? Je ka tambaye ta abin da ake nufi in aka ce wa mace riƙe naki ba ma so!"

Abdulkahar ya dafe kai, dariya na cinsa yana dannewa, don sai yanzu ya gano bakin zaren. Ya ba ta haƙuri, ya juya ya warware wa Thamer yadda bikin mata yake tun daga tushe, da yadda Luba ta yi tuntuɓe da kalmar. Thamer yana saurare, murmushinsa yana faɗaɗa, can ya buga tebur.

"Rifdi! Ai rifdi take nufi! Mu ma muna da shi. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, har ta bar duniya tana sane da duk wanda ya kawo mana gudummawa ranar aurena, kuma hidimar gidansu ba ta taɓa wuce ta ba, ko tana kwance sai an ɗauke ta an kai." Ya dubi tsohuwar da wani irin ido. Sannan ya ce, "Ya khala, gaskiya ita ce tsarinmu bai ce a rama ba. Amma kuma na karanta shi kaf, bai ce a hana mai ramawa ba. Kuma na yi miki kuskure ɗazu. Muna haihuwa. Wata mai zuwa za mu buɗe sabon sito."

"To!" in ji Hajiya, ta saki fuska. "Suna ke nan. Yanzu ka yi magana." Sai kuma ta ɗan sunkuyar da kai, don gaskiya ba ta da wurin ɓuya. "Amma in gaya maka tun yanzu, ɗana, ninkin kuɗinku ba ni da shi. A al'adarmu in biki ya fi ƙarfin aljihu, mace tana kai ƙarfin hannunta."

Kafin Thamer ya buɗe baki, Abdulkahar, wanda rabonsa da abincin gida tun zuwansa Jidda, ya yi caraf ya ce, "Mama, an ce ke ce mai masar Ammariyya?"

"Ji makwaɗaici," in ji Hajiya. "Mutum nawa za su zo sunan?"

Aka gaya mata. Ta gyaɗa kai ta ninka a zuciyarta. A ranar gwangwanin madara ya fito daga ƙarƙashin gado, Luba ta kai abin da ke ciki jam'iyya da sunan gidansu, kamfani ya cika alkawari tun kafin wata ya mutu.

Ran da aka kunna sabil, Hajiya ta je da Luba da Lailatu. Ga shi nan a bakin hanya, fari sol, an yi masa 'yar rumfa, an rubuta a jikinsa sadaka ce ga Jaji hammali, Allah Ya jiƙansa. Ba a gama ɗaure kofuna ba direbobi suka fara saukowa. Wani Basudane ya sha, ya cika gorarsa, ya zuba sauran a ka, ya ɗaga hannu ya yi wa mai sunan addu'a bai ma san matarsa ce ke tsaye a bayansa ba. Hajiya ta matsa ta tara kofi ta sha. Sanyin ya ratsa mata haƙora. Ta ce a hankali, "To Malam, ga ruwanka." Ta yi kuka, ta yi dariya, ta kuma yi wa Lailatu faɗa don ta ga tana kallonta.

Saura ramuwa. Tun ana sauran kwanaki gidan Hajiya ya koma kamar gidan aure. Ta aika kasuwar Balad aka auno shinkafar masa, ta tara matan lungu, tsofaffi da masu jini a jika, kowa da aikinta. Wannan na jiƙo, waccan na yankan kabewa da alayyafo na miyar taushe, Lailatu na kan dambun nama tana ci tana cewa ɗanɗanawa take. Aka kira wani mai tsire na unguwa, tsiren nan da Larabawan Jidda ke kira siriya suna rububinsa, aka ce ya kwana da shiri. Hajiya na zaune a tsakiya kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni da sanda. Gwiwar da ke ƙin tashi ta manta da ciwo. Rabon da a ji muryarta haka tun Naja'atu na da rai.

Ranar buɗe sito, kamfani ya yi nasa shiri irin na ofis: jan ƙyalle a ƙofa, almakashi a faranti, gahawa, da wasu 'yan kek ƙanana kamar maɓallin riga. Ana cikin jawabi sai ga motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin ƙofa, tasi biyu na biye da ita. Mai gadi ya leƙa ya ga tukwane da kuloli da mata cikin atamfa, ya rasa ta cewa, ya kira ciki. Thamer da kansa ya bar jawabi ya fito da sauri yana cewa a buɗe, baƙinsa ne.

Yana yanka ƙyallen, sai Lailatu ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, sito ya ɗauka. Manyan baƙi suka firgita, sannan suka fashe da dariya suka hau tafi. Aka baje tabarmi, aka buɗe kuloli, ƙamshi ya kori na sabon fenti. Ma'aikata suka yi layi, Larabawa da 'yan Indiya da 'yan Filifin da 'yan Yaman, masu ɗaga kaya da masu zama gaban kwamfuta. Wani yana tambaya da cokali ake ci ko da hannu, Hajiya ta ce da baki ake ci. Abdulkahar ya naɗe hannun riga ya zauna gaban kwano, bai tsaya ba sai da ya ga ƙasansa, sannan ya ɗago da jajayen idanu ya ce yaji ne, alhali kowa ya san ba yaji ba ne. Luba da ta zo tana ɓoye fuska sai ga ta tana zagayawa da faranti tana gaya wa kowa, "Sitti ce, kakata ce." Abinci ya ishi kowa ya yi saura, aka kwashi sauran aka kai wa direbobin da ke layi a hanyar tasha, suka ci suka kora da ruwan Jaji.

Da za ta tafi, Hajiya ta tsaya gaban Thamer ta dogara sandarta.

"Ɗana, ka gani da idonka. Na mutum nawa ka ce, na ninki na kawo. Na rama ko ban rama ba?"

"Kin rama, ya khala. Wallahi kin rama har kin wuce."

"To alhamdu lillahi. Ku shaida."

Ta koma gida da sunanta cif, ba tabo. Ta yi barci mai daɗi. Amma da gari ya waye aka wanke tukwane aka mayar wa masu su, lungu ya koma shiru, sai ta ji wani abu ya zauna mata a ƙirji. Sabil ya tashi, biki ya ramu, gwangwani ba komai, ba kuma abin da za a tara dominsa. Lailatu ta ce, "Ai yanzu saura su." Hajiya ta taɓe baki. "Kamfani ya san wani saura su? Yaron nan kirki ne ya sa ya biye mini, don kada tsohuwa ta ji kunya. Na sani sarai. An gama." Ta faɗi haka tana murmushi, amma kewa ce fal a ranta. Gwiwa ta dawo da ciwonta, har ta fara cewa ko za ta bar suyar masa haka nan.

Bayan 'yan makonni, wata ranar Asabar da hantsi, tana kishingiɗe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba bugun maƙwabta ba ne. Luba ta buɗe, sai ga Thamer da Abdulkahar a tsaye, sun sha ado, Abdulkahar na riƙe da ƙunshi a cikin sabon ƙyalle, an ɗaure bakinsa yadda mata ke ɗaurewa. Daga gani ya buga waya Zariya an koya masa. Luba tana ta danne dariya, ashe da ita aka shirya.

Bayan an gaisa, Abdulkahar ya durƙusa ya ajiye ƙunshin a gabanta. Thamer ya gyara murya, ya haɗa Hausar da ya kwana yana haddacewa, ya ce, "Hajiya, ga bikinki."

Hajiya ta ƙura masa ido. Luba ce ta kwance ƙunshin. Kofunan ƙarfe ne sababbi guda biyu, kowanne da 'yar sarƙarsa, irin waɗanda ake ɗaurewa a jikin sabil.

Abdulkahar ya yi bayani. Tun ranar masa ma'aikata suka yi ta tambayar wace ce tsohuwar nan, me ya kawo ta. Da suka ji labarin Jaji da gwangwanin madara, sai suka ce ai su ma sun ci, kuma an gaya musu wanda ya ci bai rama ba ya cinye biki. Suka roƙa aka sake buɗe tsarin. Kowa ya kawo abin da ya iya, har masu shara, kamfani ya ninka. Jam'iyya za ta girka sabil biyu, ɗaya a ɗaya ƙofar tashar, ɗaya a nan bakin Ammariyya. Na tasha da sunan iyayen ma'aikata. Na unguwa kuwa an bar mata ta faɗi sunan da za a rubuta.

"Naja'atu," in ji Hajiya, tun kafin ya rufe baki. Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba mai iya cewa kuka take ko dariya, don duka biyun take yi. Daɗi ya kama ta irin wanda ta ɗauka ya tafi tare da ƙawayenta.

Can ta sauke mayafin ta harare su ɗaya bayan ɗaya.

"Amma ku mugaye ne. Ɗaya na kafa, kun mayar mini da biyu. So kuke ku kashe ni? Kai ɗan Zariya, na san kai ne uban ƙulle-ƙullen nan, don cikinka."

"Ni, Mama? Al'ada na bi."

"Rufe mini baki." Ta juya wajen Thamer. "Yaushe za ku sake haihuwa?"

"In sha Allah baɗi, ya khala. Muna gina wani sito a garin Yanbu."

"Baɗi," in ji Hajiya, tana juya kalmar a baki. Matar da jiya take cewa ba ta san ko za ta ga azumi ba. Ta laluba sandarta ta miƙe tsaye ba wanda ya kama ta, ta leƙa ta taga ta ƙwala wa Lailatu kira, ta ce ta fito maza, kamfani yana bin Shatu biki. Sannan ta zura sandar ƙarƙashin gado ta jawo gwangwanin madara, ta busa ƙurar da ke kansa.

"Luba, ɗauko abayarki mu je Balad. Tandar nan ta yi mini kaɗan."